Farce: Aikin da Ake Yi a Ƙarƙashin Fatar Yatsa

Amaryar da aka yi wa ƙunshi takan ga jan tafin hannunta ya koɗe cikin mako biyu ko uku, amma na farce yana nan daram, duk wanki da wanke-wanken da za ta yi. Bayan wata guda sai ta lura wani fili marar lalle ya ɓullo daga gindin kowane farce, yana tura jan zuwa gaba. Da za a auna wannan filin, za a samu milimita 3 zuwa 3 da rabi, wato abin da farcen hannun baligi ke ƙaruwa ke nan a wata. Kafin ragowar jan ya kai bakin almakashi, sai an share wata biyar zuwa shida.

Lalle yana kama farce haka ne saboda sinadarinsa yana manne wa keratin, furotin mai taurin da aka gina farce da shi, wanda shi ne kuma a gashin kai da kofaton doki da ɓawon ƙahon saniya. Fata tana zubar da matattun ƙwayoyinta kullum, launin ya tafi tare da su. Farce kuwa ba ya zuba, gaba kawai yake yi.

Duk abin da ido ke gani na farce matacce ne, babu jini babu jijiya a cikinsa, shi ya sa yankansa ba ya zafi. Mai rai yana ɓoye a ƙarƙashin fatar gindin farce. A nan ne saiwarsa take, inda sababbin ƙwayoyi ke haihuwa dare da rana, su cika da keratin, su baje, su mutu, na baya su ture na gaba. Farin nan mai siffar jinjirin wata da ya fi fitowa a babban yatsa, shi ne ɗan gefen saiwar da ya leƙo waje. Launin ja-ja da ke sauran farcen kuwa na naman ƙarƙashinsa ne, mai cike da ƙananan hanyoyin jini. In aka danna farce sai ya yi fari, a saki jan ya dawo cikin daƙiƙa 2, kuma ma'aikatan asibiti na yin wannan gwaji don ganin yadda jini ke kai wa ƙarshen gaɓoɓi.

Amfaninsa ya wuce susa. Farce ne ke tokare tsokar kan yatsa ta baya, har mutum ya ji tsakuwa a cikin shinkafa ko ya ɗauki allura daga ƙasa. Wanda farcensa ya taɓa cirewa ya san wahalar ɓalle maɓallin riga.

Girman ba ɗaya ba ne a kowane yatsa. Na tsakiya ya fi sauri, na ƙaramin yatsa yana baya, kuma hannun da aka fi aiki da shi yakan ɗan wuce ɗan'uwansa. Na ƙafa shi ne mai nawa, kusan milimita 1 da rabi a wata, don haka in ya cire sai an yi shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi kafin ya cika. Shekaru ma suna da nasu. Wani likitan Amurka, William Bean, ya fara yi wa farcen babban yatsansa na hagu alama a 1941, ya yi ta aunawa har shekara 35. Yana ɗan shekara 32 farcen na ƙaruwa da milimita 0.123 a rana, da ya kai 67 ya sauko zuwa 0.095. Haƙurin mutumin ya fi sakamakon ban mamaki.

Wannan tafiya ta sannu ce ta sa likita ke iya karanta abin da ya wuce a jikin farce. Idan zazzaɓi mai tsanani irin taifot ko ƙyanda ya kwantar da mutum, saiwar takan dakata da aiki na ɗan lokaci. Bayan makonni sai wani kwarmi ya fito a gicciye, sau da yawa a duk yatsun lokaci guda. Likitan Faransa Joseph Beau ne ya bayyana shi a 1846. Kwarmin da ya kai tsakiyar farce yana nuna ciwon da aka yi wata uku baya ko kusa da haka. Farcen da ya loɓa a tsakiya har yana iya riƙe ɗigon ruwa yakan zo tare da ƙarancin sinadarin ƙarfe a jini, wanda ya kumbura ya lanƙwaso kan yatsa kuma yana iya nuna daɗaɗɗen ciwon huhu ko zuciya. Fararen ɗige-ɗigen da yara ke yawan samu, da ake cewa rashin kalshiyam ne, yawanci ɗan bugu ne saiwar ta samu aka manta da shi.

Farce ba ya daina fitowa don an ƙyale shi. Shridhar Chillal na birnin Pune a Indiya ya bar na hannunsa na hagu daga 1952 har 2018, tsawonsu gaba ɗaya ya haura mita 9, nauyinsu kuma ya nakasa hannun. Sunna ta yanke wannan magana tuntuni, domin hadisin Anas da ke cikin Sahihu Muslim ya iyakance barin farce da kwana 40, lokacin da bai wuce ƙarin milimita 5 ba.

Inda ake yin ɓarna shi ne wajen yankan. Mai yankan farce da ke zagaya kasuwa yana kaɗa almakashi yakan so ya nuna ƙwarewa, ya kankare siririyar fatar da ke liƙe a gindin farce don aiki ya yi kyau. Wannan fatar ita ce ke toshe hanyar ruwa da ƙwayoyin cuta zuwa saiwa, kuma cire ta na daga abin da ke jawo kumburin gefen farce mai ruwa da zogi. In aka yi rashin sa'a jini ya fito, maganar ta ƙara girma, domin ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya rayuwa a busasshen jini a jikin ƙarfe na aƙalla kwana 7, kuma goge almakashi da tsumma da ruwan kumfa ba ya kashe ta. Mai ciwon suga, wanda ƙaramin rauni a ƙafarsa ke jinkirin warkewa, ya fi kowa buƙatar ya riƙe nasa abin yankan, ya yanke na ƙafa a miƙe ba tare da shiga lungun gefe ba.