Kafin ka zargi katifa, leƙa ƙarƙashin kujerar aikinka

Idan kana cikin masu wuni a zaune, a ofis ne, ko a shagon buga takardu irin na rukunin shagunan Barnawa, ko a ɗakin da ka mayar wurin aiki a gida, ga tambaya: yaushe rabonka da taɓa ƙarafan da ke ƙarƙashin kujerarka? Da yawanmu yadda mai shago ya ɗaura ta ranar da aka kawo, haka za mu yi ta zama a kai har ta mutu. Magariba na yi ƙugu ya riƙe, kafaɗa ta yi tsami, sai a ce katifa ce, ko sanyi ne, ko basir, a aiki yaro kemis ya sayo maganin ciwon jiki.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2020 mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙugu. Ba kujera kaɗai ke kawo shi ba, amma ita ce abin da za ka iya gyarawa yau ba tare da ka kashe ko sisi ba.

Fara da tsawo. Ƙaramin hannun da ke gefe, galibi ta dama, shi ke buɗe silindar da ke ɗauke da mazaunin. Ka ɗaga shi kana zaune, kujera ta sauka. Ka ɗaga shi bayan ka ɗan miƙe, ta hau. Abin da ake so shi ne tafin ƙafarka ya kwanta sosai a ƙasa, cinyarka ta miƙe, ƙugu kuma ya yi daidai da gwiwa ko ya ɗan ɗara ta. Matsalar ita ce yawancin teburan aiki suna kai santimita 75, wanda ya yi wa mai matsakaicin tsawo yawa. Sai ya ɗaga kujera don hannunsa ya kai, ƙafa kuma ta koma tana lilo, bakin mazaunin yana danne bayan cinya. Maganin wannan katako ne mai faɗi a ƙarƙashin ƙafa; kowane kafinta a Narayi ko Kakuri zai yanka maka.

Sai dunƙulallen abin murɗawar nan da ke can ƙasa ta gaba, wanda mutane da yawa ke ɗauka noti ne kawai. Sifirin yake ɗaurewa ko ya sassauta, watau shi ke ƙayyade ƙarfin da majingina za ta tare bayanka da shi. Idan kujera na jefa ka baya kamar za ta kayar da kai, ka ƙara murɗa shi. Idan sai ka yi kokawa kafin ta kishingiɗa, ka sassauta. A ƙananan kujeru, hannun nan na tsawo yana da aiki na biyu: tura shi ciki ya kulle jingina, jawo shi waje ya sake ta. Shawarata, kada ka bar ta a kulle wuni guda. Baya yana son motsi.

A nan ne kuma tsada take ɓuya. Kujera mai arha gaba ɗayanta take karkata, mazauni da majingina tare, har ƙafarka ta bar ƙasa. Mai kyau kuwa, idan majingina ta tafi baya mataki biyu, mazauni mataki ɗaya kawai yake bi, ƙafa tana nan a ƙasa. Kamfanin Wilkhahn na Jamus ya yi suna da wannan tsari tun 1980, yanzu har kujerun China masu matsakaicin kuɗi ana samunsu da shi.

Sauran ba su da wuya. Tudun majingina ya faɗa cikin lanƙwasar ƙugunka. Tsakanin bakin mazauni da bayan gwiwa a samu sararin yatsa biyu ko uku. Maɗorin hannu kada ya ɗaga maka kafaɗa.

To, kujerar da ke sauka da kanta fa, ka zauna da safe kamar manaja, kafin azahar ka koma kamar kana kan 'yar tsuguno? Ba ta mutu ba. A cikin silindar akwai iskar naitirojin da aka matse, robar da ke toshe ta ce ta cinye, ƙurar hunturu kuma tana saurin cinye ta idan ba a goge sandar. Silinda ake canjawa, ba kujera ba, kuma yawancinsu girmansu ɗaya ne, faɗin santimita 5 a gindi. Ana buga musu lamba daga 1 zuwa 4. Nemi mai lamba 3 ko 4, ƙarfensu ya fi kauri. Amma don Allah kada ka kai ta a huda ko a sa mata wuta. Masu walda na Panteka gwanaye ne, za su gyara maka karyayyar ƙafa ko farantin ƙasa, sai dai iskar da aka matse ba ta shiri da wuta, tana iya fashewa.

Idan saye za ka yi, sabuwa ko ta gwanjo, a nan Barnawa ko ka haye kogi zuwa cikin gari, kada kunya ta hana ka zama a kai minti goma a gaban mai shago. Gwada kowane hannu. Ƙirga ƙafafun, biyar ake so. Ƙatuwar kujerar oga mai ƙyallin leda tana da kwarjini, amma a zafin Maris da Afrilu, an ɗauke wuta, mai bayan raga ce za ta yi maka rana, ledar kuma ba ta daɗewa take fara ɓarewa.

Uwargida, idan kujera ɗaya ce a gidan, maigida ya yi aiki, ke ki hau, yaro mai shirin JAMB ma ya hau, ki koya wa kowa ya daidaita ta da jikinsa, aikin daƙiƙa talatin ne. Kuma ko an daidaita, a riƙa miƙewa bayan kowane rabin awa. Idan ciwon ya fara sauka ƙafa, ko ƙafar tana mutuwa, ko ya haura makonni bai lafa ba, wannan ya wuce batun kujera, sai a ga likita.