Layin Dogon da 'Yan Sa Kai Suka Raya Tsakanin Bristol da Bath

A kudu maso yammacin Ingila, tsakanin birnin Bristol da birnin Bath, akwai wata hanya mai tsawon mil 13 da mota ba ta hawa. Masu keke ne ke bin ta, da masu tafiya a ƙasa, da iyaye masu tura jarirai, da tsofaffi masu miƙe ƙafa da yamma. Duk mai lura zai ga ba ta da tudu mai sa haki, ba ta da kwana mai kaifi, gadojinta sun fi ƙarfin keke, a unguwar Staple Hill ma ta ƙarƙashin ƙasa take bi, ta cikin ramin da aka huda aka jera masa duwatsu. Ba don masu keke aka yi wannan aiki ba. Layin dogo ne da ya mutu, mutanen gari suka ɗauki shebur suka raya shi.

Kamfanin jirgin ƙasa na Midland ne ya buɗe reshen da ya tashi daga Mangotsfield, kusa da Bristol, zuwa Bath a 1869. Kusan shekara ɗari bayan haka mota ta ƙwace wa jirgi fasinja da kaya, hukumar jiragen ƙasa tana ta asara. A 1963 shugabanta, Richard Beeching, ya fitar da rahoton da ya ba da shawarar rufe layi mai tsawon kimanin mil 5,000 da tashoshi sama da 2,000 a faɗin Birtaniya. A 1966 jirgin fasinja ya daina zuwa Bath ta wannan reshe, 'yan shekaru kaɗan jiragen kaya ma suka bi sahu, aka kwashe ƙarafa.

Kwashe ƙarfe ba shi ne babbar asara ba. Darajar layin dogo tana ga ƙasar da yake kai: siririn fili guda ɗaya, mai tsawo, wanda ya ratsa gonaki da unguwanni da koguna ba tare da yankewa ba. Irin wannan fili sau ɗaya ake samun sa. Da zarar an rufe layi aka fara yanka shi, wannan ya sayi gefen gonarsa, wancan ya kafa shago, aka rushe gada ɗaya don ta tsufa, to shi ke nan, ba gwamnatin da za ta sake haɗa shi sai da kuɗin diyya mai yawa da shari'a. Da yawa daga layukan da aka rufe a zamanin Beeching haka suka ƙare. Mu ma mun san irin wannan rashi: ƙaramin layin dogon nan da ya haɗa Zariya da Jos saboda kuza an rufe shi a 1957.

A Bristol an yi dace. A 1977 wasu mazauna birnin suka kafa ƙungiyar masu keke mai suna Cyclebag, lokacin ana cikin raɗaɗin tashin farashin mai na 1973, titunan gari kuma sun zama haɗari ga mai keke. Cikinsu akwai wani injiniya, John Grimshaw. Sun gaji da roƙon hukuma ta yi musu hanya, sai suka nemi izinin yin ta da kansu a kan tsohon layin. A 1979 suka fara da yankin da ke tsakanin Bath da ƙauyen Bitton, kimanin mil biyar. Aikin gayya ne sosai: ranakun hutun mako a fito da baro da shebur da manjagara, a sare ƙaya, a baje garin dutse a kan tsohuwar tsakuwar jirgi, a daɓe. Hukumar gundumar Avon ta taimaka, aka kuma samu hannaye daga shirin gwamnati na sama wa marasa aiki abin yi. Zuwa 1986 hanya ta haɗe daga wannan birni zuwa wancan. Ƙungiyar ce daga baya aka san ta da Sustrans, wadda a 1995 ta samu tallafin sama da fam miliyan 40 don shimfiɗa hanyoyin keke a duk Birtaniya.

Abin da ya sa mutane masu shebur suka iya wannan shi ne magabata sun riga sun yi mai wuyar. Ƙafar jirgi ƙarfe ce a kan ƙarfe, ba ta jure hawa, don haka injiniyoyin ƙarni na 19 suka fasa tuddai, suka cike kwaruruka, suka gina gadoji da kwalbatoci, suka zuba tsakuwar da ruwa ke tsiyayewa ta cikinta. 'Yan sa kai sun gaji hanyar da yaro ɗan shekara bakwai ko mai keken guragu zai bi ba tare da an tura shi ba.

Sai dai a ganina ranar buɗe hanya ba ita ce ma'aunin aikin sa kai ba. Gini yana da daɗi, ana taruwa, ana ɗaukar hoto, kowa na ganin abin da hannunsa ya yi. Kula da abin da aka gina shi ne mai cin rai, kuma shi ya riƙe hanyar sama da shekara arba'in.

A ɗauki ruwa. Ingila ƙasar ruwan sama ce, kuma inda aka fasa tudu hanya ta zama kamar kwata, ruwan ɓangarorin biyu duk nan yake gangarowa. Lokacin kaka bishiyoyi su zubar da ganye, ganye ya jiƙe ya zama laka, laka ta toshe bakin kwalbati. In ba a yashe ba, ruwa ya kwanta a kan hanya, da hunturu ya daskare ya zama ƙanƙara, mai keke ya zame, daben kuma ya fara tsagewa. Maganin ba wani injin ba ne. Mutum ne sanye da takalmin roba da safar hannu, ya durƙusa a bakin magudana yana kwaso ruɓaɓɓen ganye da robobin lemo, ya cika baro ya kai gefe, ya tsaya ya ga ruwan ya fara tafiya. Bayan wata guda ya dawo ya tarar da ita kamar ba a taɓa ba.

Haka ciyayi. Akwai wata ƙaya mai yaɗo a can da ke miƙo rassa cikin hanya, a damina ɗaya sai ta cinye gefe da gefe, hanyar mutum uku ta koma ta mutum biyu. Amma ba a sara yadda aka ga dama. Dokar kare namun daji ta 1981 ta hana lalata sheƙar tsuntsu muddin yana amfani da ita, saboda haka babban sara sai daga kaka zuwa ƙarshen hunturu, wato daidai lokacin da sanyi ya fi hana mutum fita. Ana kuma barin wasu wurare da gangan, don gefen tsohon layi ya zama mafakar tsuntsaye da ƙwari da furannin daji a tsakiyar gari. Ragowar aikin ƙanana ne marasa suna: share fasasshen kwalba, goge allon nuna hanya, kai rahoton fitilar da ta mutu a cikin rami. Sustrans ta tsara wannan ta hanyar ba kowane ɗan sa kai yankin da yake kula da shi, yawanci kusa da gidansa, kuma hikimar ke nan, domin wanda yake bin hanya kullum shi ke fara ganin tsagewar da ba ta nan jiya.

Kada a zuzuta abin fiye da kima. Ɗan sa kai ba ya gyara gada, ba ya zuba kwalta, ba ya duba lafiyar rufin rami. Waɗannan na ƙananan hukumomi ne da injiniyoyinsu da kasafin kuɗinsu. Akwai ma masu ƙorafin cewa yawan dogaro da 'yan sa kai yana ba hukuma damar zame jiki daga abin da aka karɓi haraji dominsa, kuma ƙorafin yana da tushe.

Ribar da ba a yi lissafinta ba ta bayyana a 2008. Hukumomin yankin suka fito da shirin shimfiɗa hanyar manyan motocin bas masu sauri a kan ɓangaren da ya shiga cikin Bristol. A takarda shirin yana da hujja, tunda fili ne miƙaƙƙe kuma gari na fama da cunkoso. Dubban mutane suka sa hannu a takardar ƙin amincewa, aka yi gangami a kan hanyar, 'yan siyasa suka ja da baya, aka jingine shirin. Da a ce kango ne mai ciyawa da juji, da ba wanda zai ɗaga murya. Ba wai keke da jirgi ba sa zama tare ba ne: a wajen Bitton wasu 'yan sa kai na daban sun maido da ƙarfe suna gudanar da tsohon jirgi mai tururi, shinge kawai ya raba shi da masu keke. A Amurka ma wata doka ta 1983 ta ba da damar a riƙe layin da aka daina amfani da shi a matsayin hanyar jama'a, da sharaɗin jirgi na iya dawowa in buƙata ta taso.

Matsalar hanyar a yau yawan masu bin ta ne. Da safe a unguwannin gabashin Bristol, irin su Easton, mai keke yana sauri kada ya makara aiki, uwa tana tsallakawa da yara zuwa makaranta, wani yana jan kare, duk a kan 'yar faɗin da aka yi tun lokacin da ba a zaci jama'a za su kai haka ba. An faɗaɗa wasu wurare bayan doguwar tattaunawa da mazauna unguwa, sai dai kowace faɗaɗawa tana cin bishiya da ciyawar da wasu suka shekara suna reno, kuma har yanzu masu keke da masu tafiya a ƙasa ba su gama daidaitawa kan wanda zai kauce wa wani ba.