Ruwa Ya Yawaita a Adar, Iyo Bai Yawaita Ba: Halin Yara Masu Otizim a Bakin Tafki

Wanda ya ga Adar a watan Afrilu kawai zai yi mamakin jin cewa ruwa na cin yara a can. Duwatsu ne da tsandauri da iska mai ƙuna. Ruwan saman da Tawa, babban garin yankin, ke samu a shekara bai cika haura milimita 400 ba, kuma kusan dukkansa yana sauka ne tsakanin Yuni da Satumba. Sai dai tudun Adar ba ya shan ruwa. Da zarar hadari ya sauka, ruwan sai ya gangaro ya cika ƙoramu, kafin gari ya waye ramin da aka haƙi ƙasar tubali a bayan unguwa ya zama kududdufin da zai shanye babban mutum, balle yaro.

A cikin shekaru arba'in da suka wuce, ruwan da ke kwance a yankin ya ƙaru, kuma da hannun mutane aka yi wani ɓangare na wannan. Bayan farin 1984 aka soma babban aikin raya kwarin Keita da kuɗin Italiya da taimakon hukumomin abinci na Majalisar Ɗinkin Duniya. Mata, waɗanda su suka fi yawa a aikin, sun ɗauki duwatsu a ka, an shuka itatuwa miliyoyi, an gina madatsun ruwa a kwaruruka. Albasa da tumatir na rani sun samu, dabbobi sun samu mashaya. Tafkin Tabalak, a kan hanyar Abalak, da na Ɗan Dutsi sun shiga jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2005, kuma kamun kifi ya zama sana'a a bakinsu. Duk wannan alheri ne. Abin da ba a lissafa da shi ba shi ne an kawo ruwa mai zurfi kusa da ƙauyukan da kakanninsu manoma ne da makiyaya da 'yan ci-rani, mutanen da ba su gaji iyo ba.

Sama ma ta canja hali. Wani bincike da aka buga a mujallar Nature a 2017 ya nuna cewa manyan hadura masu ƙarfi a yankin Sahel sun ninka sau uku tun daga 1982. Damanar 2024 ta tabbatar wa kowa: mutum fiye da 300 suka rasu a Nijar, wasu ruwa ya tafi da su, wasu gini ya faɗa musu, jihar Tawa na cikin waɗanda abin ya fi shafa, har aka ɗage komawa makaranta zuwa ƙarshen Oktoba.

Kowane yaro na cikin wannan haɗari. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na Disamban 2024 ya ce mutum kusan 300,000 ne suka nutse a 2021, kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Tun daga 2000 yawan mace-macen ya ragu da kashi 38 cikin ɗari a duniya, amma a Afirka da kashi 3 kacal. A cikin yaran kuma akwai rukunin da ruwa ya fi yi wa barazana, wato masu otizim, lalurar da wasu kafofin Hausa ke kira galahanga.

Iyaye da yawa sun san alamun ko da ba su san sunan ba. Yaro ya kai shekara uku ko huɗu bai yi magana ba, ko kuma yana maimaita kalma ɗaya. A kira sunansa ba ya waiwayowa, alhali kunnensa lafiya lau. Ba ya son haɗa ido, hayaniya na gigita shi, yana iya wuni yana juya murfin kwalba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kiyasta cewa kusan yaro ɗaya cikin ɗari na da wannan lalura. Abubuwa uku ne ke haɗuwa su kai irin wannan yaro bakin ruwa. Yana da yawan sulalewa daga gida ba tare da kowa ya gani ba. Da yawansu ruwa na jan hankalinsu, ƙyallinsa da sanyinsa da shirun da ke cikinsa, musamman ga yaron da surutun gida ya dame shi. Sannan tsoron zurfi, wanda ke tsayar da sauran yara a gaɓa, sau da yawa ba ya tsayar da shi.

A Amurka aka fi auna wannan. Wani bincike na 2012 a kan yara fiye da 1,200 masu otizim ya gano cewa kashi 49 cikin ɗari sun taɓa yunƙurin guduwa daga hannun masu kula da su bayan sun cika shekara huɗu. A 2017 Guohua Li na Jami'ar Columbia, bayan nazarin takardun mutuwa na shekaru da dama, ya ce yiwuwar irin waɗannan yara su mutu ta hanyar nutsewa ta ninka ta sauran yara sau 160. Labarin Avonte Oquendo, ɗan shekara 14 mai otizim da ya fice daga makarantarsa a New York a Oktoban 2013, aka tsinci gawarsa a bakin kogi bayan wata uku, shi ya kai ga dokar da aka sa wa hannu a 2018 don taimaka wa iyalai da masu aikin ceto. Alƙaluman Amurka ba na Adar ba ne, amma halin yaron ɗaya ne, kuma kududdufin Tawa ba shi da katanga ko mai gadi.

Akwai kuma abin da ya keɓanci yankin. Adarawa sun yi suna wajen tafiya bida, Abijan da Legas da Libiya, maza na shafe watanni ko shekaru ba sa gida. Uwa ita ce a gona, ita ce a rijiya, ita ce a bakin murhu, renon ƙanne kuma ya koma hannun yarinya 'yar shekara takwas. A al'adar zaman gari, yaro na kowa ne, kuma wannan na aiki ga yaron da za a tambaye shi "ɗan gidan wa?" ya ba da amsa. Ga wanda ba ya magana, kuma iyayensa suka ɓoye halinsa saboda kunya, idon unguwa bai san me zai tsare ba. A ƙasar Hausa har yanzu akan danganta irin wannan lalura da iska ko sammu, wani lokaci a ce wa yaro mai naƙasa "ɗan ruwa", wai aljanun ruwa ne suka musanya shi. Inda aka yarda da haka, idan an ga yaron yana nufar tafki sai a ɗauka tabbaci ne, maimakon a ɗauke shi a matsayin gargaɗi. Likitocin da za su iya tantance lalurar kuwa galibi a Yamai suke, tafiyar fiye da kilomita 500.

A ƙasashen Turai amsar da aka saba bayarwa ita ce darasin iyo a wurin wanka na zamani, da malami ɗaya ga yaro ɗaya. Dabarun koyarwar suna da amfani a ko'ina: malami guda da ba ya canjawa, lokaci guda, kalmomi kaɗan, nuni da hoto ko da hannu, a fara da jiran izini kafin taɓa ruwa, sannan kwanciya rigingine a kan ruwa, sannan kamo gaɓa a fita, kuma a gwada da tufafi a jiki tunda da su yaro ke faɗawa. Amma wanda ya ce wa matar ƙauye a Keita ta kai ɗanta irin wancan wuri bai ba ta shawara ba.

Misalin da ya fi kusa da Adar yana Bangladash, inda nutsewa ke kan gaba wajen kashe ƙananan yara, yawanci a tafkin da ke dab da gida, da hantsi, lokacin da uwa ke tsakiyar aiki. Cibiyar CIPRB ta can ta yi abu biyu. Ta buɗe gidajen reno na unguwa, Anchal, inda mace ɗaya da mataimakiyarta ke tsare yara daga ƙarfe 9 zuwa 1. Ga waɗanda suka girma kuma ta kafa dandamalin gora mai shinge a cikin tafkin gari, ana koya musu iyo a ruwa marar zurfi. A 2022 gwamnatin ƙasar ta amince da buɗe irin waɗannan gidajen reno 8,000. Hukumar Lafiya ta Duniya ma haka ta tsara: tsaro da shinge ga 'yan ƙasa da shekara shida, darasin iyo daga shida zuwa sama.

Masu iyo ba su ƙare a jihar Tawa ba. Masuntan Tabalak sun san inda laka take da inda rami yake, kuma da rani, lokacin da ruwa ya kwanta, ana iya killace gefe guda. Sai dai iya iyo daban, iya koyar da yaron da ba ya son a taɓa shi daban, don haka sai an horar da su, da hannun 'yan kwana-kwana ko ƙungiyar agaji ta Croix-Rouge. Ruwan tafki kuma na ɗauke da tsargiya, dole likita ya shiga maganar tun daga zaɓen wuri. Akwai wani haɗarin: yaron da ya saba da ruwa zai ƙara sonsa, iyaye kuma su saki jiki. Darasi ba ya maye gurbin ido.

Saboda haka abin da ya fi gaggawa ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. Sakata a saman ƙofa inda hannun yaro ba ya kai. Murfi mai nauyi a kan rijiya da randa da duro, domin ƙaramin yaro na iya nutsewa a bokiti, kuma nutsewa ba ta da ihu. Maƙwabta da mai unguwa da liman su san yaron da halinsa. In ya ɓata, a fara duba ruwa mafi kusa kafin kasuwa ko tasha, kuma kada a dogara da kiran suna. In an ciro shi ba ya numfashi, a bar danna ciki da juya shi kai ƙasa, a hura masa iska a baki a danna ƙirji, a kira 'yan kwana-kwana a lamba 18.

Nijar ta amince da yarjejeniyar kare haƙƙin masu naƙasa tun 2008. Ranar 25 ga Yuli, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware a 2021 don yaƙi da nutsewa, tana faɗowa ne a tsakiyar damanar Adar. Hukumomin garuruwan Tawa da Keita da Tabalak su sa a ƙirga kududdufan da ke cikin unguwanni tun da rani, a cike na cikewa, a shinge sauran kafin ruwan farko ya sauka.