Daga Bakin Rijiya Zuwa Ajin Jami'a: Yadda Ya Kamata A Koyi Fizik

Kowace shekara, idan sakamakon jarrabawar bak ya fito, samari da ƴan mata na Gure da karkararta sukan ɗaure kaya su kama babbar hanya su yi yamma. Waɗansu su tsaya Damagaram, mai nisan wajen kilomita 160, inda aka kafa jami'a a 2010. Waɗansu kuwa su zarce Yamai, tafiyar fiye da kilomita 1000. Duk wanda ya zaɓi fannin kimiyya daga cikinsu zai gamu da fizik tun shekarar farko, wato ilimin da ke binciken motsi da nauyi da zafi da haske da lantarki. A nan ne ɗalibai da yawa kan yi tuntuɓe, har da waɗanda suka fito lise da maki mai kyau. Idan yaro ya faɗi, shekara ta tafi, dabbar da uba ya sayar domin guzurinsa ita ma ta tafi. Ya kamata mu san inda ciwon yake.

Ya ku masu karatu, ga tambaya. Mutum yana jan guga mai lita 10 daga rijiya, gugan yana hawowa da gudu ɗaya, ba ya ƙara sauri, ba ya ragewa. Shin ƙarfin da igiya ke jan gugan da shi ya fi nauyin gugan, ko daidai suke, ko bai kai ba? Yawancin mutane za su ce ya fi, tun da sama gugan yake tafiya. Amsar fizik ita ce daidai suke. Ƙarfin igiya yakan ɗara nauyi a farkon ja kawai, lokacin da gugan ya tashi daga tsaye ya fara motsi. Da zarar gudun ya daidaita, igiya na ja sama da wajen niyuton 98, ƙasa na ja da wajen niyuton 98, babu wanda ya rinjayi wani. Dokar da Niyuton na Ingila ya bayyana a 1687 ke nan: ƙarfi yana canza gudu, amma abin da ke tafiya ba ya bukatar rarar ƙarfi kafin ya ci gaba da tafiyarsa.

Abin mamaki, ɗalibin da ya haddace wannan doka, yana kuma iya warware lissafinta a kan allo, sau da yawa shi ma amsar farko yake bayarwa. Wannan matsala ba ta ƙasarmu kaɗai ba ce. A Faransa, malama Laurence Viennot ta nuna a 1979 cewa ɗalibai, har na jami'a, suna ɗauka abin da aka jefa sama yana tafe da wani ƙarfi a cikinsa da ke tura shi, alhali da dutse ya bar hannu babu abin da ke aiki kansa sai jan ƙasa da ɗan tokarewar iska. A Amurka, Ibrahim Halloun da David Hestenes sun sami irin wannan sakamako a 1985. A 1992 Hestenes da abokan aikinsa suka fitar da wata jarrabawa mai tambayoyi wajen 30, babu lissafi a cikinta, domin auna fahimtar ƙarfi da motsi. Sai aka ga ɗalibai suna gama shekara guda ta karatu, amma tunanin da suka shigo da shi yana nan daram. Ilimin ajin yana cikin kaye, ilimin gida yana cikin kai, ba su taɓa haɗuwa ba.

Eric Mazur, malamin fizik a jami'ar Harvard, ya gwada ɗalibansa da irin waɗannan tambayoyi a farkon shekarun 1990, ya ga abin da bai yi tsammani ba, sai ya canza salon koyarwarsa. Yakan yi ɗan bayani, ya jefa tambaya ɗaya mai amsoshi uku ko huɗu, kowa ya zaɓi tasa shi kaɗai. Sa'an nan kowane ɗalibi ya juya ga na kusa da shi ya yi ƙoƙarin rinjayarsa da hujja na ƴan mintoci, a sake zaɓe, daga baya malami ya warware. A 1998 Richard Hake ya tattara sakamakon ɗalibai 6542 a azuzuwa 62. Inda malami ke magana ɗalibai na rubutu kawai, sun cike wajen kashi 23 cikin 100 na giɓin fahimtarsu. Inda ake tambaya da muhawara, sun cike kashi 48. Wannan hanya ba ta bukatar na'ura mai tsada, kuma tana yiwuwa ko a babban ɗaki mai ɗaruruwan ɗalibai: ɗaga yatsu ko ɗaga takarda ya isa a san zaɓin kowa.

A nan ne ɗan Gure yake da jari wanda bai san yana da shi ba. Ya tashi yana ganin raƙumi da sa suna jan wasaki daga rijiya mai zurfi. Idan ya saki tsakuwa ya ji ƙararta bayan daƙiƙa 2, ruwan yana wajen mita 20 a ƙasa, domin gudun abin da ke faɗuwa yana ƙaruwa da mita 9,8 a kowace daƙiƙa. Ya san ruwan randa ya fi na bokitin roba sanyi; dalili shi ne ruwan da ke tsatsowa ta jikin yumɓu yana bushewa, kuma bushewar tana ɗauke zafi. Ya san tuddan rairayin da ke barazana ga kwaruruwan dabino da kanwa na ƙasar Manga. Gefen da ke bayan iska ba ya wuce gangaren digiri 34 ko kusa da haka, idan ya wuce sai yashin ya zame. Wannan darasi ne a kan gogayya, wanda ke cikin kowane littafin shekarar farko. Malamin da ya fara da waɗannan kafin ya rubuta harufan lissafi, ya ba harufan wurin zama. Gani ya kori ji.

Akwai kuma maganar harshe. Yaro yana tunani da Hausa ko Barbarci, yana karatu da Faransanci. Kalmar “ƙarfi” ita kaɗai tana ɗauke da abubuwa uku da fizik ta raba: turawa ko ja, makamashin da aiki ke ci, da kuma saurin yin aikin. Idan ba a bar ɗalibai suka yi gardama da harshen da suke tunani da shi ba, wannan cakuɗa ba za ta fito fili ba balle a gyara ta. Marigayi Abdu Mumuni, haifaffen Tasawa a 1929, masanin fizik wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa tun 1992, ya yi kira a littafinsa na 1964 a kan ilimi a Afirka da a koyar da harsunan gida, a kuma haɗa karatu da aiki. Shi kansa ya shugabanci ma'aikatar binciken hasken rana, ONERSOL, daga 1969 zuwa 1985, inda aka ƙera tukwanen dafa ruwa da zafin rana.

Kada a ɗauka ana cewa a yar da lissafi. Injiniyan da zai auna famfo mai aiki da hasken rana domin rijiyar ƙauye dole ya iya lissafi sarai. Amma idan famfon ya ƙi ɗaga ruwa, wanda ya fahimci dalili shi zai gano ko faifan ne ya yi ƙura, ko zurfin ne ya fi ƙarfin injin. Mai karatun aku sai ya jira wani ya zo daga Yamai.

Don haka muna kira ga malaman lise da na jami'a su sanya tambayar “don me?” cikin darasi da cikin jarrabawa, domin ɗalibi abin da za a tambaye shi yake koyo. Ku kuma ɗalibai, bayan kowane lissafi ku gwada bayyana amsar ga ƙanenku da bakinku, ba tare da duba kaye ba. Idan ya gane, kun gane. Idan bai gane ba, ku koma bakin rijiya ku sake dubawa.