Karatun Yaro a Bayan Katangar Gidan Yari

Tun zamanin da malaman fiƙihu suka rarrabe tsakanin mukallafi da yaron da bai balaga ba, suka tabbatar da cewa ba a tsayar wa yaro haddi, abin da ke kansa shi ne ladabtarwa, wadda manufarta gyara ce ba ramuwa ba. Dokokin zamani ma, a takarda dai, a kan wannan ƙa'ida aka gina su. A shekarar 1902 aka fara ware samari masu laifi daga manyan fursunoni a wani ƙauye na Ingila mai suna Bosta, wanda sunansa ya bi irin waɗannan gidaje duk inda aka kafa su, Nijeriya kuwa ta yi tata dokar a 1962, domin matasa 'yan shekara 16 zuwa 21, aka buɗe gidan Kakuri a Kaduna, daga baya na Abeokuta da na Ilorin suka biyo.

Wanda Allah Ya nufa da shiga ɗaya daga cikin gidajen nan uku, ko da yake cunkoso da ƙarancin kayan aiki sun rage musu albarka, yakan sami aji da malami, ya koyi kafinta ko ɗinki ko walda, har ma ya zauna jarrabawar kammala sakandare. Amma gida uku ina za su kai a ƙasa mai jihohi 36? Galibin yaran da ƙaddara ta faɗa wa ba sa ganin ƙofar Kakuri. A ofishin 'yan sanda suke ƙarewa, ko gidan ajiyar yara, ko kuwa, in babu takardar haihuwa da za ta shaidi shekarunsu, a rubuta su baligai a jefa su cikin manya.

A nan ne, a ganina, asalin musibar take, domin kuwa wajen kashi biyu cikin uku na mazauna gidajen yarin Nijeriya ba a yanke musu hukunci ba, jiran shari'a suke yi, shi kuwa mai jiran shari'a, tun da ba wanda ya san ko gobe za a ba da belinsa ko sai baɗi, ba kasafai ake sa shi cikin tsarin karatu ko koyon sana'a ba. Ilimi silsila ne, kowane darasi a kan na jiya yake hawa. Yaron da aka kama yana aji biyu na babbar sakandare, in ya yi wata tara ana ɗage ƙararsa, zai fito ya tarar an share sunansa daga rajista, sa'o'insa sun yi gaba, makin gwaje-gwajen aji da hukumar WAEC ke nema kafin a yi masa rajista ya yanke, shugaban makaranta kuma yana ɗari-ɗari da karɓar wanda unguwa ta riga ta laƙaba wa suna tsohon fursuna. Mai haddar Alƙur'ani ma bai tsira ba, gama hadda in ta rasa tilawa da muraja'a zubewa take yi. Kada kuma a ɗauka kansa ya zauna fanko a can. Wanda ya shiga saboda satar waya yakan fito ya sauke karatun fasa shago a hannun gwanayen fannin.

Ba a ce ba a yi kome ba. Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ta ce tsare yaro shi ne mataki na ƙarshe, kuma na mafi ƙarancin lokaci. A 2019 aka sake wa hukumar gidajen yari suna ta koma ta gyaran hali. Jami'ar karatu daga gida ta NOUN kuma tana karantar da fursunoni kyauta a gidajen yari irin su Kuje da Kirikiri. Sai dai jami'a ta wanda ya riga ya sami takardar sakandare ce. Ita ma dokar ba kullum ake bin ta ba: yaran da aka kama a Kano da Kaduna lokacin zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agustan 2024, waɗanda wasunsu suka yanke jiki suka faɗi a gaban kotun tarayya a Abuja ranar 1 ga Nuwamba, kafin Shugaba Tinubu ya ba da umarnin a sake su sun yi kusan wata uku a tsare, an koma makaranta a Satumba babu su, alhali ba alƙalin da ya same su da laifin kome.