Zaƙin da Muke Sha: Lemon Kwalba, Ruwan 'Ya'yan Itace da Ciwon Sukari

A da, mutane suna ɗaukar ciwon sukari cutar masu kuɗin birni ce. Yanzu a asibitinmu muna ganinsa a jikin manomi, da mai sayar da ƙosai, da malamin makaranta, da dattijon ikilisiya. Yawancinsu idan muka tambaye su za su ce ba sa cin zaƙi. Gaskiya suke faɗa, domin ba ci suke yi ba, sha suke yi. Wannan ɗan littafi zai nuna muku yawan sukarin da ke cikin abin shanmu, da aikin da yake yi a jiki, da abin da kowane gida zai iya yi.

Sukari nawa ne a kwalba guda?

Ƙaramar kwalbar lemo mai santilita 33 tana ɗauke da sukari kimanin gram 35. Ƙaramin cokalin shayi yana ɗaukar gram 4, don haka wannan kusan cokali 9 ke nan, ko ƙwayar sukari 6 zuwa 7. Kwalbar rabin lita tana da fiye da gram 50. Ba wanda zai zuba cokali 9 na sukari a baki ya haɗiye, amma a cikin lemo mai sanyi ana shanye shi kafin a gama gaisuwa.

A shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara cewa sukarin da babban mutum yake ƙarawa a ci da sha kada ya wuce kimanin gram 50 a rana, wato cokali 12, kuma in an rage zuwa cokali 6 ya fi. A cikin lissafin nan hukumar ta sa zuma da ruwan 'ya'yan itace da aka matse. Kwalbar rabin lita guda ta cinye rabon yini duka, ba a ma zo ga shayin safe da kunun yamma ba.

Wanda yake shan ƙaramar kwalba ɗaya kullum, a shekara ya sha sukari kusan kilo 13.

Abin da ke faruwa a cikin jini

Jinin babban mutum kimanin lita 5 ne. Idan yana da lafiya kuma bai ci komai ba, sukarin da ke yawo a cikin jinin nan duka bai wuce gram 5 ba, cokali guda da ɗan ƙari. Jiki yana tsare wannan awo sosai. Akwai wata gaɓa a bayan tumbi da likitoci ke kira fankiriyas, ita ke fitar da wani sinadari mai suna insulin. Aikin insulin kamar mabuɗi ne: yana buɗe ƙofar tsoka domin sukari ya fita daga jini ya shiga, ya zama ƙarfin aiki.

Idan kun ci tuwon dawa da miyar kuka, ko wake, ciki yana ɗaukar lokaci kafin ya narkar da shi, sukarin yana shiga jini kaɗan-kaɗan. Abin sha kuwa ba ya bukatar tauna ko niƙa. Yana wuce tumbi da sauri, cikin rabin awa sukarin jini ya hau. Sai fankiriyas ta yi gaggawar zubo insulin mai yawa. Idan haka yana faruwa sau biyu ko uku kullum, shekara da shekaru, kuma kitse yana taruwa, tsoka takan daina jin insulin yadda ya kamata, fankiriyas kuma ta gaji. Daga nan sukari yake zama a jini, shi ne ciwon sukari irin na manya.

Akwai wani abu kuma. Sukarin kanti rabi biyu ne a haɗe. Rabi ɗaya yana shiga jini kai tsaye, ɗayan kuma hanta ce take sarrafa shi. Idan ya yi mata yawa, sai ta mai da shi kitse, wani ya zauna a cikin hantar, wani ya shiga jini.

Me ya sa yake sa ƙiba?

Abin sha ba ya ƙosarwa kamar abinci. Wanda ya ci dankali biyu zai rage tuwon dare, amma wanda ya sha kwalba biyu zai ci tuwonsa daidai kamar kullum. Ƙarfin da ke cikin lemon ya zama ƙari, jiki kuma yana ajiye ƙari a matsayin kitse, musamman a ciki. Kafin mutum ya ƙone ƙarfin ƙaramar kwalba guda, sai ya yi tafiyar sauri ta rabin awa ko fiye.

A wurinmu idan mutum ya yi tumbi akan ce ya samu hutu, idan amarya ta yi ƙiba a ce mijinta yana riƙonta da kyau. Amma kitsen ciki shi ne ya fi jawo ciwon sukari da hawan jini. Ga gwajin da za ku iya yi a gida: ku ɗauki igiya, ku auna tsawonku daga ƙafa zuwa kai, ku ninka ta biyu. Idan igiyar da aka ninka ba ta zagaye cikinku ta wajen cibiya ba, kitsen ya yi yawa, ku zo a auna ku.

Ruwan 'ya'yan itace fa?

A kasuwannin Ngaundere da Garwa da Marwa, har lemon kwalba ma "jus" ake ce masa, kamar daga itace aka matso shi. Yawancinsa ruwa ne da sukari da launi da ƙanshi. Haka garin lemo na leda da ake damawa yara.

Ko wanda kuka matse da hannunku yana bukatar lura. Lemon zaƙi guda yana da sukari kimanin gram 12, tare da ɓargon cikinsa da zare-zarensa, waɗanda suke rage saurin shigar sukari cikin jini kuma suke cika ciki. Kafin a cika kofi guda sai an matse lemo uku ko fiye, a zubar da tuƙar. Kofin yana da sukari fiye da gram 20, kusan daidai da kofin lemon kwalba. Ku ci 'ya'yan itacen da haƙoranku: lemo, gwaiba, gwanda, kankana, mangwaro. Mai ciwon sukari ma zai iya ci, amma kaɗan a lokaci guda. A kakar mangwaro ya tsaya a kan ƙarami ɗaya, kada ya zauna da kwano.

Abin shan gida

Zoɓo, da tsamiya, da lemon citta, da kunun aya ba su da laifi a kansu. Sukarin da ake zuba musu shi ne matsalar, domin tsami da yaji suna ɓoye zaƙi, sai mai haɗawa ta yi ta ƙarawa. Haka shayin da ake dafawa a ƙaramar buta sau uku, kowane zagaye da nasa sukari. Madarar gwangwani mai kauri fiye da rabinta sukari ne. Zuma kuwa, ga zaƙi ga harbi: tana ɗaga sukarin jini kamar na kanti, ba maganin ciwon sukari ba ce.

Lemon malta ba ya ƙara jini. Mai ƙarancin jini yana bukatar hanta, nama, kifi, wake, zogale, da ƙwayoyin ƙarin jini da ake bayarwa a asibiti, da kuma maganin abin da ke shan jinin, kamar zazzaɓin cizon sauro ko tsutsar ciki.

Yara

Jariri daga haihuwa zuwa wata 6 nonon uwa kaɗai ya ishe shi. Kafin ya cika shekara kada a ba shi lemo ko zuma. Yaron da ya saba da zaƙi yakan ƙi abinci, haƙoransa su ruɓe. Idan yaro yana zawo kada ku ba shi lemon kwalba, yawan sukarin yana ƙara zawon. Ku ba shi ruwan gishiri da sukari na asibiti, a dama leda guda a ruwa mai tsabta daidai yadda aka nuna muku.

Lokacin da zaƙi yake zama magani

Mai ciwon sukari da ke allurar insulin ko shan ƙwayar gilibenkilamid, sukarinsa yana iya faɗuwa ƙasa, musamman in bai ci abinci ba ko ya yi aikin gona mai yawa. Alamun su ne rawar jiki, zufa, yunwa mai tsanani, jiri, da ruɗewa. Nan da nan a ba shi ƙwayar sukari 3 ko rabin kofin lemon kwalba. Idan bayan minti 15 bai warware ba a sake, sannan ya ci abinci. Idan ya suma kada a ɗura masa komai a baki, a kawo shi asibiti da gaggawa. Saboda haka kowane mai wannan magani ya riƙa yawo da sukari a aljihu.

Yaushe za ku zo a auna ku?

Ku zo idan kuna yawan jin ƙishirwa, kuna yawan fitsari da dare, kuna ramewa ba dalili, ido yana hazo, ƙafa tana mutuwa ko zafi, ko miki ya ƙi warkewa. Ku zo ko ba alama idan kun haura shekara 40, ko akwai ciwon a danginku, ko mace ta taɓa haihuwar jariri mai fiye da kilo 4. Ku zo da safe ba ku ci komai ba. Ɗigon jini guda ne daga yatsa. Idan awon ya kai gram 1.26 a lita ko fiye, za a sake shi wata rana don a tabbatar. Ciwon da aka gano da wuri ana iya riƙe shi, wanda aka bari kuwa yana cin ido da ƙoda, yana kai wa ga yanke ƙafa.

Abin da za mu yi tare

Ƙishirwa ruwa take so, ku fara da shi. Sukarin shayi da kunu ku rage rabin cokali kowane mako, harshe zai saba. Sannu ba ta hana zuwa. Lemon kwalba ya zama na ranar biki, ƙarama guda, tare da abinci.

Mun san kunya ce baƙo ya zo a ba shi ruwa kawai, kuma a Kirsimeti da Ista da bikin aure akwatunan lemo su ne alamar an yi abin kirki. Zumuntar mata da dattawan ikilisiya za su iya sauya wannan. A taro a ajiye ruwa mai sanyi da zoɓo marar sukari a gefe, domin masu ciwon sukari su sha ba tare da sun roƙa ba. Mai zuwa dubiya ya kawo ƙwai, ko gyaɗa, ko gwanda. Idan ɗan'uwa ya ce ba ya shan lemo, kada ku matsa masa.

Jikinmu amana ce daga Allah. Ku karanta wa wanda bai iya karatu ba wannan littafi, kuma idan kuna da tambaya, ku same mu a ɗakin awo.