Mulki da Tattalin Arziki a Ma'aunin Ikara, Maƙarfi da Kudan

Gwamnati ita ce hukumar da ke da ikon kafa doka a kan jama'ar wata ƙasa, ta aiwatar da ita, ta kuma hukunta wanda ya karya ta. A Najeriya wannan iko yana fitowa ne daga kundin tsarin mulki na 1999, wanda ya raba shi hawa uku: gwamnatin tarayya, jihohi 36, da ƙananan hukumomi 774. Jihar Kaduna tana da 23 daga cikinsu, kuma Ikara da Maƙarfi da Kudan, mai hedikwata a Hunƙuyi, suna cikin na arewacin jihar. Ɗalibin da ke shirin jarrabawar WAEC ko NECO, ko daga aji ko daga gida, zai tarar da rabin darasinsa a kan hanyar zuwa kasuwa.

Abin da ake nufi da tsarin tarayya shi ne kowane hawa da hurumin da doka ta yanka masa. Soja da 'yan sanda da buga kuɗi da hulɗa da ƙasashen waje na tarayya ne ita kaɗai, haka ma babbar hanyar Zariya zuwa Kano. Ilimi da noma kuwa tarayya da jiha duk suna da hannu a ciki. Ƙaramar hukuma kundin ya lissafa mata nata ayyukan: kasuwanni, tashoshin mota, mayanka, maƙabartu, kwashe shara, rajistar haihuwa da mutuwa da aure, sannan tana taimakawa a firamare da asibitin sha-ka-tafi. Mutane da yawa kan ɗora wa ciyaman laifin hanyar tarayya, su kuma ɗora wa shugaban ƙasa laifin magudanar kasuwa, alhali kowanne da mai shi.

A kowane hawa kuma an raba iko gida uku: masu yin doka, masu zartarwa, da kotuna. Majalisar tarayya tana da sanatoci 109 da wakilai 360. Maƙarfi da Kudan kujera ɗaya suke aikawa majalisar wakilai, Ikara kuma tana tare da Kubau, dukkansu a ƙarƙashin sanatan Kaduna ta Arewa, kujerar da Ahmed Mohammed Maƙarfi ya riƙe daga 2007 zuwa 2015 bayan ya yi gwamna shekara takwas. Hikimar wannan rabo ita ce kowane ɓangare ya iya taka wa ɗan'uwansa birki, kuma babu jihar da ta ga ƙarfin wannan birki kamar Kaduna. A 1979 Abdulƙadir Balarabe Musa ya ci gwamna a jam'iyyar PRP, amma NPN ce ke da rinjaye a majalisar jiha. Majalisar ta ƙi amincewa da sunayen kwamishinoninsa, ya yi mulki ba tare da su ba, daga ƙarshe ta tsige shi a watan Yunin 1981, gwamna na farko da aka yi wa haka a ƙasar. Har gobe ana gardama ko adalci aka yi ko siyasa, sai dai darasin a fili yake: doka ta ba majalisa wuƙar, kuma ta yanka.

Zaɓen shugaban ƙasa da gwamna da 'yan majalisu hukumar INEC ke gudanarwa. Na ciyaman da kansiloli kuwa aikin hukumar zaɓe ta jiha ne, wadda a 2018 ta yi amfani da na'urar kaɗa ƙuri'a, karo na farko a Najeriya. Sarkin Zazzau da hakimai da dagatai ba zaɓensu ake yi ba, kundin 1999 ma bai yanka musu wani aiki ba, ko da yake sulhun gona da na gado yakan fara ne daga ƙofarsu.

Ba a mulki sai da kuɗi, kuma nan ne darussan mulki da tattalin arziki suke haɗuwa. Kuɗin man fetur da na kwastan da harajin kamfanoni suna shiga asusun tarayya, a raba kowane wata: kashi 52.68 cikin ɗari ga tarayya, 26.72 ga jihohi, 20.60 ga ƙananan hukumomi. Shekara da shekaru kason ƙananan hukumomi yana bi ta asusun haɗin gwiwa da ke hannun jiha, abin da ya sa ciyamomi da yawa suka zama masu jiran abin da aka sam musu. Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan su kai tsaye, ta kuma haramta naɗa kantomomi a madadin zaɓaɓɓu, amma aiwatarwa ta yi ta jan ƙafa. Haraji kansa iri biyu ne. Akwai na kai tsaye, kamar wanda ake cira daga albashi, ko haraji da jangalin da Balarabe Musa ya soke a 1979. Akwai kuma wanda ke ɓoye cikin farashin kaya, kamar VAT da ya koma kashi 7.5 a 2020, wanda mai saye ke biya ba tare da ya ga mai karɓa ba.

Ilimin tattalin arziki ya ginu ne a kan gaskiya guda: buƙatun ɗan'adam ba su da iyaka, abin biyan su kuwa ƙayyadadde ne, don haka dole a zaɓa. Manomin Maƙarfi mai fadama ɗaya, in ya dasa rake ya ɗaure ta kusan shekara, in ya zuba tumatir zai ɗiba cikin 'yan watanni. Taura biyu ba ta taunuwa. Ribar abin da ya bari ita ce ainihin tsadar abin da ya zaɓa. Kafin amfanin ya fito kuma sai an haɗa abu huɗu: ƙasa, ƙwadago, jari irin injin ban ruwa da taki, da mai ɗaukar kasadar haɗa su.

Farashi yana fitowa ne daga karon buƙata da wadata, kuma tumatir ne ya fi nuna wannan ƙarara. Lokacin da na rani ya nuna, gonakin Kudan da Ikara sukan zubo shi kasuwa gaba ɗaya, kwando ya faɗi warwas, don kaya ne da ba ya jira, manomi ba shi da bakin ja da dillali. Da damina ta kankama sai ya yi ƙaranci, farashi ya haura. A 2016 tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye gonaki har gwamnatin jiha ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir, kwando ya ninka kuɗinsa sau da yawa har a Legas, alhali masu miya ba su ƙaru ba. Kamfanin sarrafa tumatir na Ikara an kafa shi ne domin toshe giɓin da ke tsakanin rani da damina, ya saya lokacin araha ya adana a gwangwani, sai dai ya shafe shekaru masu yawa a rufe. Masu shanya kauɗa da masu dafa mazarƙwaila daga ruwan rake su ma aikin da suke yi ke nan da ƙaramin jari: mai da kaya mai lalacewa ya zama mai jiran kasuwa.

Tashin farashin kaya ɗaya daban yake da hauhawar farashi, wadda ke nufin kusan komai ya tashi tare, darajar naira ta zube. Bayan cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023 da sakin naira ta nemi farashinta a kasuwar canji, kuɗin mota da na taki da na man injin ban ruwa duk suka tashi, hauhawar ta wuce kashi 34 cikin ɗari a ƙarshen 2024 bisa ƙididdigar hukumar NBS. Makamai biyu gwamnati ke da su a nan. Babban Bankin Najeriya, wanda ya fara aiki a 1959, yakan ɗaga kuɗin ruwa domin rage kuɗin da ke yawo a hannun jama'a. Ɓangaren zartarwa kuma yana amfani da kasafin kuɗi, ya ƙara ko ya rage haraji da abin da yake kashewa, kuma kasafin ba ya zama doka sai majalisa ta amince da shi.